Gidana yana Tahoua, ni ina Abijan, kuɗin haya ba su iso ni

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Tahoua ne, na daɗe ina bida a Abijan, ina da shago a kasuwar Adjamé. Da abin da Allah ya hore na sa aka saya mini fili a gida, aka gina ƙofa shida, kowace ɗaki da falo, aka zuba ƴan haya a kan jika 20 a wata. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sayi filin, shi ya tsaya a kan ginin, shi ke karɓar haya, takardar filin ma tana hannunsa. Innarmu tana wurinsa. A lissafina gidan yana kawo miliyan 1 da jika 440 a shekara, amma bara abin da ya shigo hannuna bai wuce jika 400 ba. In na tambaya sai ya ce an yi gyara, ko wane bai biya ba, ko an sayi maganin Inna. Kwanan baya na ji cewa ƙofa biyu ƴan'uwanmu ne a ciki, ba su biyan ko dala. Da na matsa da tambaya sai ya ce in ban yarda da shi ba in zo in karɓi makullaina. Inna ta kira ni tana kuka.

Yanzu na tara wasu kuɗi. Wani dillali da abokina ya haɗa ni da shi yana turo mini bidiyon wani gida a Yamai ta WhatsApp, miliyan 18, ya ce ana hayarsa jika 100 a wata, kuma kamfaninsu zai kula da shi su riƙa cire kashi 10 cikin 100. Ya ce in turo rabin kuɗin kafin ƙarshen wata don akwai mai so. Yamai kuwa wucewa kawai nake yi, ban san unguwanninta ba. Mai ɗakina ta ce in saya kar in gaya wa kowa a gida, in kuma karɓe na Tahoua in ba kamfani. Malam, ba na son in ɓata da Yaya, ba na kuma son gumina ya tafi a banza. Me zan yi, kuma ta yaya mutum ke gane wakilin kirki alhali yana nesa?

Ɗan Adar a Abijan

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka, ya ba Inna lafiya. Bari in fara da abin da ke da gaggawa, don kar wata ya ƙare muna kan zancen Yaya: kada ka tura wa dillalin nan ko dala. Ba na ce maƙaryaci ba ne. Amma "akwai mai so, ka yi sauri" magana ce da ake ji daga kasuwar Katako ta Yamai har Adjamé, kai ma ɗan kasuwa ne, ka san ranar da kake faɗa wa mai ciniki haka. Gidan da ba zai iya jiran ka zo ka gan shi da idonka ba, ka bar wa mai son ya ɗauka.

To, gidan Tahoua. Na ɗauki biro na bi lissafinka. Miliyan 1 da jika 440 ɗin nan lissafi ne na ƙofa shida cike wata goma sha biyu, kowa ya biya a kan kari, rufi bai yi yoyo ba, shadda ba ta cika ba. Babu gidan haya irin wannan ko a Tahoua ko a Yamai. Cire ƙofa biyu na ƴan'uwa, jika 480 sun tafi, saura 960. A ce cefanen Inna da maganinta suna cin jika 30 a wata daga ciki, kuma ka san yadda takardar likita ɗaya ke lashe kuɗi a farmasi, wannan jika 360 ke nan, saura 600. A ce wani ɗan haya ya kwashe kayansa da dare da bashin wata uku, jika 60. Sai kwasar shadda, gyaran pampo, kwanon da iskar farkon damina ta ɗaga, ƴan buhunan siminti na liƙe bango, jika 100 ba su da wuyar tafiya a nan. Ka ga mun sauko jika 440, kusa da abin da ka samu, ba tare da kowa ya saci komai ba.

Ban kawo wannan don in wanke Yaya ba. Yana yiwuwa hannunsa yana shiga ciki, ranar da babu na cefane a gidansa ga kuma kuɗin haya a aljihu, ya ce zai mayar, bai mayar ba. Mutane da yawa masu tsoron Allah sun faɗa wannan ramin. Abin da nake nuna maka shi ne kai ba ka da hujjar zarginsa, shi ma ba shi da hujjar wanke kansa, domin babu wanda ya rubuta komai. Kana da gaskiya da ka damu. Wanda ke tsaye a shago daga safe har dare a ƙasar mutane, yana hana kansa don ya aza bulo a kan bulo a gida, yana da haƙƙin sanin inda kowace dala ta shiga, kuma tambayar haƙƙinka ba rashin kunya ba ce.

Amma ka tsaya a inda Yaya yake tsaye na ɗan lokaci. Shi ya sha rana yana ƙirga buhunan siminti don kar magina su karkatar. Shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare in wuta ta lalace. Shi ɗan'uwan nan da aka kora daga wani gida ya zo ya durƙusa wa, wataƙila ma Inna ce ta ce a ba shi ɗakin, kuma babban ɗa ba ya ce wa uwa a'a a kan ɗakin da ke kulle. A Adar kowa ya san wannan rabon: wanda ya tafi bida shi ake yabo in ya aiko, wanda ya zauna shi ke ɗauke da tsofaffi da suna da biki da zaman makoki, ba a ganin nasa. A cikin wasiƙarka ban ga inda ka ce ka taɓa yanka masa wani abu na wahalarsa ba. Sai ga ƙanensa ya bugo waya daga Abijan yana cewa ina kuɗi. Kai lissafi kake nema, shi kuma abin da kunnensa ya ji shi ne an kira shi ɓarawo. Daga nan maganar makullai ta fito, kuma ba na jin da gaske yake so ka karɓa.

Kuɗi iri uku ne suka cakuɗe a aljihu ɗaya: hayar gidanka, ciyar da Inna, da ladan wahalar Yaya da ba a taɓa ambata ba. Muddin suna tare, kowane wata sai an yi zargi. Aikinka na farko shi ne raba su.

Wannan magana ba ta saƙon murya ba ce. Ka yi haƙuri ka rufe shago ko ka bar wa yaro, ka zo gida, kuɗin mota ba su kai abin da kake shirin asara ba. Ka fara da ɗakin Inna, ka kwantar mata da hankali cewa ba rabuwa ka zo yi ba. Sannan ka zauna da Yaya, in da hali da kawu ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, ba taron dangi ba. Kada ka buɗe da tambayar kuɗin bara. Ka buɗe da cewa ka bar masa nauyi shekara da shekaru ba ka taɓa ware masa komai ba, ka zo ka gyara. Abin da ya wuce, in zuciyarka za ta iya, ka yafe shi a fili a gaban kawun, domin bin sawun kuɗin da ba a rubuta ba babu abin da zai fitar sai rantsuwa da ɓacin rai. Daga nan ka shimfiɗa sabon tsari. Kuɗin Inna ka yanke adadi, ka riƙa aiko su daban kowane wata ta Nita ko Al Izza, kada su sake fitowa daga haya. Yaya kuma ka ce hayar ƙofa ɗaya tasa ce. Na fi son wannan a kan kashi 10 cikin 100, ko da yake ya fi tsada, jika 20 maimakon 12, domin babban wa ba ya jin daɗin a yi masa lissafin kamasho kamar yaron shago. Sai dai a rubuta cewa hayar ƙofar aka ba shi, ba ƙofar ba, don kar gobe ƴaƴa su tashi da labarin kyauta.

Sauran ƙofofin, ƴan haya su daina ba kowa kuɗi a hannu. Su zuba a asusu mai sunanka, ko banki ko na waya, su tura hoton rasit gare ka da Yaya. Wannan ya sauke masa nauyin riƙon kuɗi, ya kuma rufe bakin masu zuwa rance saboda sun san ƙarshen wata ya karɓi haya. Kana da sa'ar da ƴan'uwanmu na Najeriya ko Libiya ba su da ita: Abijan da Tahoua sefa ɗaya suke ci, babu canjin da zai cinye maka riba. Amma ka tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, lokacin da takunkumin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, CEDEAO da UEMOA, ya sa aika kuɗi ta banki ya yi wuya har zuwa Fabrairun 2024. Saboda haka asusun ya kasance a Nijar, ka bar hayar wata ɗaya ko biyu a kwance a ciki don gyara, kada gyaran rufi ya jira sai kuɗi sun ƙetaro iyaka.

Ƴan'uwan da ke ƙofa biyu kuwa, kai za ka yanke, ba Yaya ba. In sadaka ce, ka faɗa da bakinka cewa ka ba su zuwa lokaci kaza, ka sami ladanka, ka daina lissafa ƙofofin a cikin abin da kake jira. In kuma masu hali ne suka laɓe da zumunci, ka sa musu ko rabin haya, ka ba su wata biyu ko uku su shirya. Kada ka kore su a zuwan nan, zai ɓata duk abin da ka gyara.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ta fi kuɗin hayar tayar mini da hankali: takardar filin tana hannunsa. Kasancewarta a hannunsa ba komai ba ne. Sunan wa ke kanta? Sau da yawa wanda aka aika sayen fili yakan sa sunansa, ba da mugun nufi ba, don shi ne a wurin da katinsa ranar sa hannu. Matuƙar kuna raye ku biyun babu abin da zai faru. Ranar da ta Allah ta kasance a kansa, gidan nan zai shiga lissafin gadonsa, matansa da ƴaƴansa su ce takarda ta nuna na ubansu ne, kai kuma ka koma neman shaidun da suka ga kana aiko kuɗi. Gidaje da yawa na ƴan bida sun tafi ta wannan hanyar. Bayan kun shirya da kwana ɗaya ko biyu, ka ce masa kana so ka yi wa gidan titar fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallaka, ku je tare. Gaskiya ka faɗa, domin akt de sesiyon, takardar fili da meri, wato ofishin magajin gari, ke bayarwa, mataki ne na farko, titar da ake yi a hukumar rajistar filaye ita ce ta fi ƙarfi a gaban alƙali da banki. A nan sunan da ke kan takarda zai fito da kansa. In nasa ne, ku je wurin notar, mai tabbatar da takardun ciniki bisa doka, a juya zuwa naka tun kuna dariya da juna.

In duk ka yi wannan ya ce shi dai ya gaji, ko ya amsa da baki amma wata uku suka wuce ƴan haya suna ci gaba da ba shi a hannu, to ka karɓi makullan da godiya, ba da faɗa ba, ka ci gaba da yi masa alheri kamar da. Sai a nemi bare. A nan tambayarka ta biyu ta shigo.

Wakili ba a gane shi a waya, ba a kuma gane shi da kyan ofis. Abu na farko mai sauƙi ne: in kamfani ne, ya nuna maka rajistarsa ta kasuwanci da lambar lanhonsa (haraji), wato RCCM da NIF, da ofishin da za ka iya samunsa gobe. Wannan ba ya nuna gaskiyarsa, yana nuna dai akwai wanda za ka kai ƙara. Abin da ke nuna gaskiyarsa yana wurin mutanen da yake yi wa aiki. Ka ce ya ba ka lambar masu gida biyu ko uku, musamman waɗanda ke waje kamarka, ka tambaye su abu ɗaya: ran nawa ga wata kuɗinsu ke shigowa, kuma sai sun bi ko da kansa yake turowa? Sannan ka nemi ya faɗa maka inda gidajen suke, ka je ɗaya da la'asar ba tare da shi ba. Ka dubi bakin shadda, ka dubi akwatin kontar wuta ko wayoyi sun yi cirko-cirko, ka yi sallama da wata ƴar haya a tsakar gida ka tambaye ta in pampo ya lalace kwana nawa ake yi kafin a zo, kuma ko ana ba ta rasit in ta biya. In ta shiga ɗaki ta fito da rasitan wata shida a jere cikin leda, ka sami mutum. In ta yi dariya ta ce wane rasit, ka gama bincike.

Ba dole sai kamfani ba, balle a Tahoua inda kowa ya san kowa. Akwai ofisoshin wisiye, masu kai sammaci da zartar da hukuncin kotu, da ke karɓar haya, kuma takardarsu tana da kwarjini a wurin mai taurin bashi. Akwai tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya a unguwa, mai kaye da biro, wanda ɗan abin da za ka ba shi zai yi masa amfani. Akwai ma ɗan hayar da ya fi daɗewa a gidan, a rage masa wani abu ya zama idonka a kan shara da pampo da shigar baƙi, ko da yake shi kada a ba shi karɓar kuɗi. Kowanne ka zaɓa, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu wanda zai ce maka rubutu rashin yarda ne. Malamai kuma sun halatta a biya wakili lada a kan aikinsa.

A cikin takardar, ladansa ya zama daga abin da aka karɓa, ba daga abin da ya kamata a karɓa ba. Wannan ɗan bambancin shi ke sa shi tashi ya bi mai bashi, ya kuma nemo wani in ƙofa ta zama wayam. Kashi 10 ɗin da aka faɗa maka bai fita daga abin da aka saba ji ba, abin tambaya shi ne me ke cikinsa, domin wasu za su sake cire kuɗin nemo ɗan haya, su kuma ɗora nasu a kan kowane gyara. A yanke ranar da kuɗi za su shiga asusunka. A yanke adadin da zai iya kashewa a gyara ba tare da ya tambaye ka ba, misali jika 15, abin da ya haura sai ka ga hoto da kiyasin magini ka amince. Kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa a farko su kwanta a wurinka, domin in suna hannun wakili, ranar da mutum zai fita sai a ce ka biya abin da ba ka taɓa gani ba. Kowane ɗan haya ya sami takardar haya da sa hannu, a ɗauki hoton ɗaki ranar shiga da ranar fita. Nijar tana da dokar haya tun 1996, kuma mai gida ba ya cire ƙofa ko ya watsar da kayan mutum don bai biya ba, ta hanyar wisiye da kotu ake bi, wakilin da ya yi maka alfahari da cewa shi yana da yaran da ke fitar da mutane cikin awa ɗaya zai jawo maka sammaci. Takardar wakilci da za ka sa wa hannu, ko wurin notar ko a ofishin jakadancin Nijar a Abijan, ta tsaya a kan bayar da haya da karɓar kuɗi, a rubuta ƙarara cewa ba ta ƙunshi sayarwa ko jingina ba. Takardun gida na asali kuma ba su kwana a ofishin wakili, kofi ya ishe shi.

Kada ka manta da wuta da ruwa. Kontar NIGELEC ɗaya ga ƙofa shida ita ce uwar rigima a gidan haya, mai firiji da mai fanka ɗaya ba su taɓa yarda da rabon kuɗi, kuma bashin da aka tara a kan kontar mai sunanka kai zai jira. In da hali kowace ƙofa ta sami tata, ko irin wadda ake sa wa kuɗi kafin a sha. Na ruwa, wakili ya riƙa turo hoton takardar NDE da aka biya tare da lissafin wata. Akwai lanho a kan kuɗin haya, ka tambayi ofishin lanho na Tahoua abin da ke kanka tun bai taru ba. Zakka kuma ba a kan ginin take ba, a kan abin da ya taru ne daga haya in ya kai nisabi ya shekara.

Mu koma Yamai. A tayin da aka yi maka, mai sayar maka, da mai kula maka, da mai ba ka labarin yadda gidan yake, duk mutum ɗaya ne. Ko waliyyi ne ban so maka haka ba. Wanda zai ci kamasho in ka saya ba shi zai gaya maka aibin gida ba, kuma wanda ke karɓar haya yana buƙatar wani daban, ko aboki ko ɗan garinku da ke aiki a can, da zai leƙa gidan sau biyu ko uku a shekara ya kira ka ta bidiyo yana tsaye a ciki.

Lissafin ma ka sake dubawa. Jika 100 a wata miliyan 1 da jika 200 ne a shekara. Cire 120 na kamfani, cire wata ɗaya ko biyu da gidan zai zauna babu kowa tsakanin mai fita da mai shiga, cire kamar hayar wata ɗaya na fenti da gyara, cire lanho. Abin da zai rage yana wajen jika 800. Miliyan 18 sai sun yi sama da shekara 22 kafin su dawo ta haya. Ribar gida a Yamai tana cikin tashin darajar ƙasa, birnin da ƙidayar 2012 ta samu da mutum sama da miliyan ɗaya kuma bai daina faɗaɗa ba. Wannan riba ce ta gaske, amma ta mai haƙuri ce, ba ta wanda zai buƙaci jarinsa baɗi ba. Ka tambayi kanka abin da miliyan 18 ke juyawa a shagonka a shekara, kar ka zare jinin kasuwar da ta gina gidan farko. Kuma gida mai ɗan haya ɗaya, in ya fita ka koma sifili. Tun da sojojin Faransa suka fice a ƙarshen 2023, na Amurka suka bi a 2024, masu manyan gidajen da suka dogara da baƙi ƴan waje sun ga yadda hakan yake. Ƙananan ƙofofi na ma'aikata da ɗalibai sun fi wahalar kulawa, amma ba su mutuwa gaba ɗaya.

Bidiyo kuma ba ya nuna damina. A 2020 kogin Isa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge, ruwa ya shiga Lamordé da Karadjé da Kirkissoye da Saga. Ko nesa da kogi akwai unguwannin da ruwan sama ke kwanciya mota ba ta shiga. In za ka ga gida, ka gan shi a watan Agusta, ka dubi gindin bango ko akwai tabon laima, ko sabon fenti da ya tsaya daidai ƙugu, ka tambayi mai shagon kusurwa inda ruwa ya kai bara. Sannan takardu: a Yamai an sha sayar da parsel ɗaya, wato fili ɗaya, ga mutum biyu ko uku, an sha sayar da fili a cikin dajin bedi da aka dasa ya kewaye birnin, inda hukuma ta hana. Ka rubuta wa dillalin ya turo maka kofin takardar gidan, da lambar ilo, wato rukunin filayen da yake ciki, da ta parsel, da sunan mai shi. Ka ba notar da kai ka zaɓa, ba nasa ba, ya bincika a meri da kadastar, ofishin taswirar filaye. In gidan gado ne, sai an ga yardar dukkan magada a rubuce. Ka yi magana da ɗan hayar da ke ciki ka ji nawa yake biya da bakinsa. Kuɗi kuma ta hannun notar za su bi, ranar sa hannu. Dillalin kirki ba ya jin haushin waɗannan.

Ra'ayina dai, ka bar Yamai zuwa baɗi. Ka ga sabon tsarin Tahoua ya yi wata shida yana tafiya tukuna, domin abin da ka koya a ƙofa shida shi zai tsare ka a can. Kuma kada ka raina garinku: akwai Jami'ar Djibo Hamani, akwai ma'aikatan da ake turowa babban birnin jiha, duk masu neman ɗaki da falo ne, a wurin da ka san kowane lungu kuma kana da idanu da yawa.

Saura mai ɗakinka. Kada ka ɗauki maganarta a matsayin zuga. Tana ganin wahalarka kullum, tana kuma tunanin inda ita da yara za su tsaya in babu kai, tsoronta yana da tushe. Inda ban bi ta ba shi ne ɓoyewa. Ba wajibi ba ne ka yi shela a dangi duk abin da ka saya, amma dukiyar da babu wanda ya san da ita sai dillali da wakili, su za su gaje ta. Ka zaunar da ita ka nuna mata tsarin da za ka kai Tahoua kafin ka tafi, don kar ta ji an yi sulhu a bayanta. In takardun sun fito da sunanka, ka yi kofi uku: ɗaya a wurinta, ɗaya a wurin notar, ɗaya a wurin kawun da ya zauna muku. Ka rubuta lambar asusun da sunan wakili a takarda ɗaya ka haɗa mata da su, ka kuma ɗauki hotonsu duka ka ajiye a wayarka da tata.